Kwana Bakwai na Sabon Shiga

Kalandar da ke rataye a shagon hotokofi na bakin titin Nasarawa ta tsaya a watan Mayu, ga shi kuwa Yuli ya kusa rabawa. Fiddausi ta lura tun makon jiya, amma ita ba ta cikin masu taɓa abin da ba a sa su ba.

Saurayin da ke gabanta a layi ne ya miƙa hannu ya juya shafi biyu, ya daidaita ƙusar, ya koma ya tsaya kamar bai yi komai ba. Farar rigar aiki ce a jikinsa irin ta ma'aikatan kamfanonin Kudenda, da biro biyu a aljihu, shuɗi da ja.

Ya waiwayo suka haɗa ido. Ta sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Ciwo ne da ni. In na ga abu a karkace ba na iya wucewa."

"Allah ya ba da lafiya," ta ce a hankali, murmushi ya suɓuce mata ba da izininta ba.

Wuta ta ɗauke, mai shago ya fita tayar da janareta. A wannan jiran ne idonsa ya sauka kan tsohon hoton da ke hannunta, na wasu maza sahu uku a gaban wata doguwar katanga. Ya tambaya, ta amsa a taƙaice, ya sake tambaya, ta tarar da kanta tana bayani fiye da yadda ta saba.

Ma'aikatan masaƙa ne na da. Ita tarihi ta karanta a jami'a, kuma a kansu ta yi binciken kammalawa. Daga wannan binciken ne ta buɗe wani dandalin hira a waya, Zauren Ƙetaren Gada, inda tsofaffin ma'aikata da 'ya'yansu ke haɗuwa, na Makera da na Tudun Wada, na Romi da na Sabon Tasha. Yanzu shekara uku, mutum ɗari huɗu da wani abu.

Shi kuma Zakariyya'u ne, ɗan Funtua. Bara ya zo Kaduna, yana ɗakin gwaji na wani kamfanin sabulu. Aikinsa shi ne ya duba abin da wasu suka ce ya yi daidai, ya ce bai yi ba.

"Wa ake roƙo in mutum na son shiga zauren?"

"Mai gadi."

"Ina zan same shi?"

Ta kalli ƙasa. "Ga ta."

Da yamma ta tura masa saƙon da take tura wa duk mai neman shiga.

"Barka da zuwa Zauren Ƙetaren Gada. Sabon shiga yakan yi kwana bakwai yana karatu kafin ya rubuta komai, ban da sallama. Ka koma baya ka karanta tsofaffin hirarraki, a nan za ka san waye waye. Ba a gardamar addini ko siyasa, akwai 'yan masallaci akwai 'yan coci, kuma iyayenmu a kan inji ɗaya suka tsaya. Ba a sanar da rasuwa sai iyalan mamaci sun sanar. Ba a bin mace da saƙo ta bayan fage sai ta yarda. In dattijo ya yi kuskure, a same shi a gefe. Wanda ya saɓa za a rufe masa baki mako biyu. Akwai layi, sai watan gobe za a shigar da sababbi."

Ba a yi minti biyu ba amsa ta shigo.

"Na ga dokar bayan fage. To ina neman izini."

"Izinin me?"

"In riƙa gaishe da mai gadi."

Ta ajiye wayar ta je ta taya Umma tsince shinkafa. Ta dawo ta ɗauka, ta sake ajiyewa. Sai bayan Magariba ta rubuta.

"An ba ka. Amma ka karanta sauran dokokin."

"Na karanta, Shugaba."

Daga ranar ya laƙaba mata Shugaba, ita kuma take ce masa Sabon Shiga. A baki Fiddausi ba ta da magana, ko a ɗakin karatu na makarantar da take aiki a Barnawa yara sun san ta da nuni da yatsa. Amma a rubuce ta iya zance, kuma Zakariyya'u ya iya sauraro in dai ba lamba a cikin maganar.

"Shugaba, kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarfe nawa?"

"Sai na kawo shaida?"

"A'a. Ke kaɗai ce nake yarda da maganarki ba gwaji."

Mako huɗu aka yi haka. Ya ce mata ba wasa ya kawo shi ba, yana son kawunsa na Tudun Wada ya zo ya gaishe da mahaifinta. Ta gaya wa Umma da baya-baya, tana wanke tukunya don kada su haɗa ido. Umma ta ce za ta sami Malam da maganar in ta ga fuska.

Abu ɗaya Fiddausi ba ta gaya masa ba. A zauren akwai wani dattijo da ke rubutu da sunan Tsohon Rini, wanda labaransa suka fi na kowa masu karatu. Tsofaffin 'yan zaure duk sun san Malam Lawal ne, mai gyaran keken ɗinki a Makera, mahaifinta. Kunya ta hana ta faɗa. Kuma a ranta tana so ya karanta labaran, ya so tsohon don kansa, sannan ta ce masa ai Babana ne.

Ranar sha ɗaya ga Agusta ita da Damaris, ƙawarta ta Romi da suke gadin zauren tare, suka shigar da sababbi tara. Zakariyya'u ya yi sallama, aka amsa masa.

Ranar sha huɗu da hantsi Tsohon Rini ya rubuta abin da yakan rubuta kowace shekara.

"Yau shekara ashirin da biyu ke nan da rufe Masaƙar Alfijir. Laraba ce, sha huɗu ga Agusta 2002. Waɗanda muka tsaya a bakin get ɗin nan da safe, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya ji ƙansu. Mu da muka rage, Allah ya rufa mana asiri."

Amin ta fara zuba. Wasu suka saka hotunan iyayensu. Fiddausi na jera littattafai a kantar ɗakin karatu lokacin da wayarta ta yi ƙara, Damaris ce.

"Ke, kin duba zaure? Wannan ba mutumin naki ba ne?"

Ta buɗe. Ƙarƙashin amin ta talatin da wani abu, ga saƙonsa da hoton wata tsohuwar jarida.

"Assalamu alaikum. Da girmamawa Baba, wannan kwanan watan ba daidai ba ne. An rufe Alfijir a watan Maris na 2004, ga shaida. Yana da kyau mu riƙa tantance tarihi kafin mu yaɗa."

Ta zauna a kan kujerar yara. Ta sake karantawa, jimlar ƙarshen ce ta fi yi mata ciwo. Ta san jaridar ba ƙarya ta yi ba. Ta kuma san Baba bai yi kuskure ba. Duk wanda ya koma baya ya karanta hirar bara ya san haka.

Sai Anas ya shigo zauren. Anas ɗan aminin Baba ne, yana sayar da wayoyi a kasuwar Kakuri, shi ya koya wa Baba rubutu a waya, kuma tun bara yake zagaye da maganar aurenta ba ta ba shi fuska ba.

"Kai waye da za ka ƙaryata Baba a gaban jama'a? Jiya-jiya ka shigo. Ko da Baba ya manta ai tsufa ne, shekaru sun ja, sai a yi masa uzuri. Masu gadi muna jiran hukunci."

"In ba za ki iya ba, ni in yi," in ji Damaris.

"Ni na kawo shi," Fiddausi ta ce. Ta danna da hannunta. Zai iya karatu, ba zai iya rubutu ba, har mako biyu.

Da ya tashi aiki ya rubuto mata.

"Shugaba, na ga an rufe mini baki. Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Kwananka uku."

"To gaskiya sai ta cika kwana bakwai kafin a faɗe ta?"

"Ka koma baya ka karanta?"

"Zan karanta. Amma shekara biyu fa ba ƙaramin bambanci ba ne."

Ta daɗe tana kallon allon wayar kafin ta rubuta.

"Tsohon Rini mahaifina ne."

Alamar ya karanta ta fito. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta kife wayar ta tura ƙarƙashin filo. Shi ma bai ƙara ba.

Washegari Anas ya zo gida ya daɗe a shagon Baba. Bayan fitarsa Malam Lawal ya shigo tsakar gida, ya zauna a kan tabarma ya kira ta. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa dama.

"Yaron nan na jiya, shi ne mahaifiyarki ta ce zai turo manyansa?"

"Shi ne, Baba."

"Kada ya turo."

Umma ta ce, "Malam, yaro ne, bai sani ba."

"Binta, wanda bai sani ba tambaya yake yi. Wannan bai tambaya ba, hukunci ya yanke. Yau ni ne a gaban mutum ɗari huɗu. Gobe ita ce a gaban danginsa, ta ce an yi kaza ranar Talata, ya ce ta kawo takarda."

Ya tashi ya koma shago. Daga ranar wayarsa ta koma aljihun babbar rigar da ke rataye a ɗaki. Mutumin da kullum bayan Asuba sai ya gaishe da zaure, ya daina ko buɗewa. 'Yan zaure suka yi ta tambaya, ina Tsohon Rini, lafiya kuwa.

Kwana biyar ba saƙon Zakariyya'u. Ta yanke a ranta fushi ya yi, yana ganin ta ɓoye masa ne don ta gwada shi, ta kuma kunyata shi a kan gaskiyarsa. Ta rubuta masa doguwar wasiƙa sau uku tana gogewa. A motar zuwa aiki takan jingina da taga tana kallon katangun tsofaffin masaƙun Kakuri da ciyawa ta cinye, tana tunanin yadda ta rubuta wa baƙi ɗari huɗu doka, amma ta kasa gaya wa mutum ɗaya jimla ɗaya.

A rana ta shida, tana karin kumallo, saƙo ya shigo.

"Shugaba, na gama. Na karanta zauren tun daga ranar da kika buɗe shi, shekara uku, ban tsallake ko gaisuwa ba. Na ga abin da Baba Ben, mahaifin Damaris, ya rubuta bara a ƙarƙashin saƙon Baba. Da na karanta da ban rubuta ba. Ba fushi ne ya hana ni magana ba, kunya ce. Ki yafe mini, Fidda."

Ta ture kofin shayin gefe ta rubuta.

"Ni ma ban kyauta ba. Na so ka san shi da kanka ne."

"Na san shi yanzu. Ya iya ba da labari fiye da 'yarsa."

"Ya ce kada ka turo kowa."

"Yana da gaskiya. Ƙarfe nawa yake zama a ƙofar gida?"

"Bayan La'asar. Me za ka ce masa?"

"Ba abin da zan ce."

Shagon Malam Lawal a jikin gidan yake, da benci biyu a gabansa inda dattawa uku ko huɗu ke zama har Magariba. Tagar ɗakin Fiddausi na kallon wurin. Ranar ta ja labule ta bar ɗan tsagi.

Ya zo da kaftani, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Baba ya amsa sallamar don wajibi ce, ya ci gaba da kwance kan wani keke. Zakariyya'u bai hau benci ba, ya zauna a bakin tabarma kusa da takalma. Aka yi hirar tsadar taki da ta ambaliyar da ake tsoro a unguwannin bakin kogi. Bai sa baki ba. Da aka kira salla ya bi su masallaci, daga can ya wuce.

Ya dawo washegari. Ya dawo a rana ta uku, ranar da aka yi ruwa, dattawa suka matsa cikin rumfa, shi feshin na dukan kafaɗarsa bai motsa ba, har wani a cikinsu ya ce, "Kai yaro, matso mana, ba mu da kuɗin asibiti."

A rana ta huɗu Alhaji Mai Zare, ɗaya daga cikin dattawan, ya rantse cewa daga Kaduna zuwa Funtua bai kai tafiyar Kaduna zuwa Zariya ba. Fiddausi ta ga hannun Zakariyya'u ya tashi ya nufi aljihu inda jan biro ke zama, ya tsaya a hanya, ya koma kan gwiwa. Ta toshe baki da filo. Ta lura Baba ma ya gani ta ƙasan tabarau.

A rana ta biyar Anas ya zo a kan babur, ya zauna a benci kusa da Baba.

"A'a, Malam mai jarida, yau ba a zo da shaida ba?"

Zakariyya'u ya yi murmushi kawai.

"Baba sai haƙuri da yaran yanzu," Anas ya ci gaba. "Ba su san in mutum ya manyanta yakan haɗa wannan shekara da waccan ba."

Malam Lawal ya ajiye sukudireba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Anas, wa ya gaya maka na manta?"

"A'a Baba, ni dai cewa na yi ko da..."

"Sau biyu ke nan kana faɗa. Wancan ya ce na yi kuskure, ya ɗauke ni mai hankalin da za a yi gardama da shi. Kai ka ce a yi mini uzuri. Shekara uku kana zauren nan, kai ma ashe ba karatu kake yi ba."

Anas bai daɗe ba ya ce yana da kwastoma.

Rana ta bakwai ta faɗo Lahadi. Baba Ben, mahaifin Damaris, ya zo daga Romi bayan coci kamar yadda yakan yi wata-wata, da sandarsa da ledar gyaɗa. Ana cikin hira Malam Lawal ya juya ya dubi bakin tabarma a karo na farko.

"Kai ba ka da baki ne?"

"Sabon shiga ne ni, Baba."

Baba Ben ya yi dariya har da tari. Malam Lawal bai yi ba, amma ya nuna masa benci. Zakariyya'u ya hau ya zauna a ɗofane.

"Takardarka ba ta yi ƙarya ba," in ji Malam Lawal. "A 2004 aka sa kwaɗo. Amma ka san me ya rage a ciki kafin nan? Ofis, da masu gadi, da inji goma sha biyu da ake kunnawa in baƙi za su zo. Mu ranar Laraba muka zo aikin safe, jiniya ba ta yi kuka ba. Muka tarar da takardu manne a get, suna ɗari shida. Sashen rini gaba ɗaya, sashen saƙa rabi. Shekarata goma sha tara a wurin. Wani yaro mai gadi da ni na nema masa aikin, shi ya ce mini Baba ba a shiga."

"Ni da shi muka tako da ƙafa," Baba Ben ya karɓa. "Ga mota, ba mu hau ba."

"Kular abincina na hannu, Binta ta zuba mini ɗanwake. Na kasa shiga gida da ita cike da rana tsaka. Muka je bakin kogi muka zauna har yamma, sannan muka ci, don a ga kula ta dawo wayam kamar kullum. Sai bayan kwana uku na iya gaya mata." Ya mayar da tabarau. "To ni a wurina ranar aka rufe. Mai jarida ba ya bakin get."

Fiddausi ta san labarin get, ta rubuta shi a bincikenta. Labarin kula ba ta taɓa ji ba. Ta juya ta ga Umma tsaye a bakin ƙofar ɗakin da tsintsiya a hannu, ita ma tana sauraro.

"Baba, na yi laifi," Zakariyya'u ya ce. "Na shigo wuri ban san mutanensa ba na buɗe baki. Ina neman gafara."

"A nan mu biyar ne. Laifin a gaban ɗari huɗu ka yi shi."

"Can zan kai, ranar da aka buɗe mini baki."

"In ka je, kada ka ce takardarka ƙarya ce don ka faranta mini. Ba na son wannan."

"Ba zan ce ba, Baba."

Damaris ta kira da yamma ta ce a buɗe masa yanzu mana, ai saura kwana biyu kawai. Fiddausi ta ce a'a, mako biyu aka rubuta.

"Kai, wannan soyayya taku akwai wahala," in ji Damaris. "Ni dai a ba ni ankon da wuri."

Ranar da wa'adin ya cika, da safe, ya rubuta.

"Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ne wanda ya yi wa Tsohon Rini gyara a ranar sha huɗu, ina kwana uku da shigowa. Jaridar da na saka ta faɗi ranar da aka sa wa masaƙa kwaɗo. Baba ya faɗi ranar da aka mayar da mutum ɗari shida daga bakin get. Wannan bayanin yana nan a zauren tun bara da bara waccan, ni ne ban karanta ba. Na yi magana a ranar da ake yi wa mamata addu'a, na kuma yi ta da izgilin wanda yake ganin ya sani. Ina roƙon gafarar Baba da ta duk wanda mahaifinsa ya tsaya a get ɗin nan. Sababbin da muka shigo tare, ku cika kwanakinku, akwai dalili."

Amsoshi suka biyo, wasu na cewa ya wuce, wasu na tsokanarsa da Malam mai jarida, sunan da ya bi shi har yau. Tsohon Rini bai ce komai ba. Kwana ɗaya, biyu, huɗu. Fiddausi ta fara tunanin ko an yafe laifin ne amma ba a buɗe ƙofar ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko Baba ya kira ta tsakar gida.

"Ke ma kina da naki," ya ce. "Kin kawo baƙo zaure ba ki nuna masa inda manya ke zama ba."

"Na yi kuskure, Baba."

"Kina son sa?"

Ta sunne kai cikin mayafi. Umma ta ce daga bakin murhu, "Malam, wannan tambayar ai ka ga amsarta tun ranar da ta ƙona mini miya."

"To. Ya turo manyansa. Ɗauko mini wayata a aljihun rigar can."

Ta shiga ɗaki, ta tsaya ta rubuta da sauri kafin ta fito.

"Sabon Shiga, an ce ka turo."

"Alhamdu lillahi. Fidda, na kusa zubar da abin gwaji. Kin tabbata? Ƙarfe nawa ya faɗa?"

"Ka fara ko?"

"Na daina, hasken idona. Na daina."

Bayan wata biyu, saƙon farko da Tsohon Rini ya rubuta mai tsawo tun Agusta shi ne wannan.

"Ni Lawal na sashen rini ina gayyatar 'yan zaure ɗaurin auren 'yata Fiddausi, mai gadinku, da Zakariyya'u ɗan Funtua. Asabar mai zuwa ta sama, ƙarfe sha ɗaya, a ƙofar gidana a Makera. Kwanan watan daidai ne, angon ya duba."

Wanda ya fara amsawa Anas ne. "Allah ya sanya alheri." Bai ƙara komai ba, amma ranar shi ya kawo rumfa.

An ɗaura aure layin ya cika har bakin titi. Mutanen da shekara uku suna hira ba su taɓa ganin juna ba suka yi ta tambayar kai ne wane, ke ce wance. Tsofaffin Romi da Sabon Tasha suka zauna benci ɗaya da na Tudun Wada, Damaris na yawo a tsakani da faranti tana ba kowa umarni.

Da La'asar ta yi sanyi, motocin kai amarya suka jeru. Aka shigo da Fiddausi ɗakin Baba lulluɓe, aka zaunar da ita a gabansa. Ango ya shigo gaisuwa ya durƙusa daga bakin ƙofa. Baba Ben na gefe da sandarsa, ya ce Ubangiji ya sa su tsufa tare, ya ba su haƙurin juna. Aka ce amin.

Malam Lawal ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi miki albarka, Fiddausi. Ba ki taɓa sa ni magana ba. Zakariyya'u, ga ta nan, ba ta da yawan faɗa, sai ka iya jira. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a ta gari, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

"Amin, Baba," Zakariyya'u ya ce.

Ta ji hannun ya ƙara nauyi a kanta, ya ja numfashi kamar akwai sauran magana. A tsakar gida wata gwaggo ta rangaɗa guɗa, mata suka turo ƙofa suna cewa a fito da amarya rana na tafiya. Hannun ya ɗaga.

Ta ƙasan mayafi ta ga ƙafafunsa suna laluben takalmi. Ya ratsa ta bayan matan, ya bi ta ƙofar shago, ya nufi masallaci, ko da yake da sauran lokaci kafin a kira salla.